Sarki Usman Nagogo, Yaƙin Bama da Alkawarin Amurka

Jama'a da dama idan aka ambaci marigayi Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne dawakai da wasan folo. Gaskiya ne ya yi fice a wannan fage, har sunansa ya kai ƙasashen ƙetare, amma a ganina akwai wani babi na rayuwarsa da ya fi cancantar a tuna, musamman a wurinmu mutanen Tsaskiya da Safana da Batsari.

An haife shi a 1905, ɗa ne ga Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi karatun allo da na boko a Katsina, ya shugabanci 'yan doka, ya riƙe sarautar Magajin Gari, sannan ya gaji mahaifinsa a 1944, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, yake tsakiyar ci.

Kafin mai karatu ya fahimci abin da Sarkin ya yi a wannan shekara, sai an waiwayi Amurka. A watan Agustan 1941 Shugaba Roosevelt da Firayim Minista Churchill na Ingila suka fitar da sanarwar nan ta Atlantika, wadda ta amince cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da take so. A watan Disamba Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor, ita kuwa ta tsunduma yaƙin gadan-gadan. Daga nan jiragen samanta suka riƙa ƙetaro teku zuwa Ankara ta ƙasar Gana, su ya da zango a Kano da Maiduguri, su wuce Kartum, su nufi Masar da Indiya. Ke nan ƙasar Hausa ta zama hanyar yaƙin, kuma ta ba da 'ya'yanta, domin runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma an tura su daji ne a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma, su kara da Japanawa. A 1944 jiragen Amurka na cikin waɗanda suka yi jigilar dakarun da aka sauke a bayan abokan gaba, cikinsu har da bataliyoyin Nijeriya uku.

To, a wannan shekara da aka naɗa shi, tun rawani bai gama zama ba, Sarki Nagogo ya yi tattaki zuwa Indiya da Bama domin ya ga waɗannan bayin Allah da idonsa. Talakan da aka ɗauko daga ƙauye, aka kai shi inda bai san harshe ko abinci ba, ya ɗaga kai ya ga sarki ya zo ya gaishe shi da Hausa. Duk wanda ya san darajar sarauta a ƙasar nan ya san nauyin wannan ziyara.

Yaƙi ya ƙare a 1945 bayan Amurka ta jefa bamabaman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Sai dai da aka zo rabon zaman lafiya, an yi tuya an manta da albasa. Tun a watan Satumban 1941 Churchill ya bayyana wa majalisarsu cewa alkawarin Atlantika bai shafi ƙasashen da Ingila ke mulka ba. A taron San Francisco da ya haifi Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashen Afirka huɗu kacal suka zauna: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Daga 1948 Amurka ta zuba kimanin dala biliyan 13 don farfaɗo da Turai, su kuwa mazan jiyanmu suka koma gona da lambobin yabo a ƙirji. 'Yanci sai da 'yan ƙasa suka nema da kansu, mataki-mataki, kuma Nagogo na cikin tafiyar, domin a 1952 yana ɗaya daga cikin ministoci huɗu da Arewa ta tura Ikko, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Kashim Ibrahim. Ya ga 'yancin 1960, ya ci gaba da sarauta har Allah Ya karɓi abinsa a watan Maris na 1981, bayan shekara 37 a kan karaga.

Darasin da nake gani guda biyu ne. Na farko, sulhun da aka ƙulla a bayan idon waɗanda suka sha wuya ba ya yi musu rana, ko a San Francisco aka ƙulla shi ko a bakin dajin Rugu, kamar yadda sulhun 2019 da 'yan bindiga ya wargaje ya bar ƙauyukan Batsari da Safana cikin kuka. Na biyu, shugaba na gari zuwa yake yi inda mutanensa ke cikin tsanani. Idan har Sarki ya iya ƙetare teku ya isa Bama ana ruwan harsashi, wane uzuri ke ga mai mulkin da Tsaskiya ta yi masa nisa?

Allah Ya jiƙan Sarki Usman Nagogo da mazan jiyanmu, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.