Anton Hammel: Injiniyan da ya haɗa wa jiragen ƙasan Jamus gudu da ƙarfi

An haifi Anton Hammel a birnin Munich na ƙasar Jamus a shekarar 1857. A 1875 ya kama aiki a matsayin ƙaramin mai zane a kamfanin Maffei, wanda ya shahara wajen ƙera kan jirgin ƙasa. Sannu a hankali likkafa ta yi gaba, har ya zama shugaban sashen zane na kamfanin.

A 1906 ya zana wa hukumar jiragen ƙasa ta Bavaria wani kan jirgi mai suna S 2/6. Silinda huɗu gare shi: tururin da ya gama aiki a biyun farko sai ya zarce sauran biyun, don kada kwal ya ƙone a banza. A watan Yulin 1907 ya yi gudun kilomita 154 cikin sa'a guda tsakanin Munich da Augsburg. Sai da aka yi kusan shekara 30 kafin wani jirgin tururi na Jamus ya wuce haka.

Sai dai ƙafafunsa masu ja huɗu ne kacal, ba su isa jan taragu masu nauyi ba. Guda ɗaya tak aka ƙera.

A 1908 Hammel ya fito da S 3/6, mai ƙafafun ja shida, wanda ya haɗa gudu da ƙarfi. An ƙera 159, kuma shi ne ya riƙa jan shahararren jirgin fasinjan nan na Rheingold daga 1928.

Hammel bai ga wannan ba, domin ya rasu a 1925. S 2/6 kuwa yana nan har yau a gidan tarihin sufuri na Nuremberg.