SARKIN KANO ALIYU BABBA DA MAFARIN YAƘIN BASASA

Godiya ta tabbata ga Allah mai ba da mulki ga wanda Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, cikin magabatan da ya kamata 'yan'uwa Ƙadirawa su san tarihinsu akwai Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu Mai Sango, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Shi ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, jika ga Malam Ibrahim Dabo wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a 1819. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa aka sa masa. Ya tashi a gidan da ke riƙe da wuridin Sidi Abdulƙadir Jilani kamar yadda Shehu Usmanu ya bar wa jama'arsa, ya yi karatu mai zurfi, har ya yi rubutu a fannin tasawwufi. Da al'amura sun tafi yadda aka saba, da wataƙila a cikin malamai za a riƙa ambatonsa, domin yana da yayye da dama a gabansa.

Tushen fitinar ya faro ne daga rasuwar mahaifinsa a Karofi, bayan ya mulki Kano tun daga 1855. Sakkwato ta naɗa ƙanensa Muhammadu Bello a 1883. Abdullahi ya bar 'ya'ya masu yawa, da yawansu kuma suna riƙe da sarautu da garuruwa. Sarki Bello ya shiga tuɓe su ɗaya bayan ɗaya yana naɗa nasa, har ya kai ɗansa Tukur ga sarautar Galadima. A wancan zamani tuɓe mutum daga sarauta yana nufin raba shi da harajin garuruwansa da bayinsa da dawakansa, barorinsa su watse, gidan da ake ciyar da ɗaruruwa ya wayi gari ba hayaƙi. Shekara goma 'ya'yan Abdullahi suna haɗiye wannan, suna sauraron ranar da sarauta za ta dawo ɗakinsu ta hannun babbansu Yusufu, wanda ya taɓa riƙe Galadima tun mahaifinsu yana da rai.

Sai dai Tukur ya riga ya sami shiga a Sakkwato. A yaƙin Argungu ya nuna jarumtaka a gaban Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafin zuciyarsa. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, ya kuma ga inda zukatan jama'a suka karkata, amma umarni ya zo masa cewa Tukur za a naɗa. Waziri ya zartar. A nan ne malamai da hakimai suka shiga tsaka mai wuya: mubaya'a ga Sarkin Musulmi ita ce igiyar da ta ɗaure daular tun zamanin jihadi, saɓa mata ba ƙaramin abu ba ne, a ɗaya gefen kuma ga mutanen da suke ganin an zalunce su, an kuma toshe musu ƙofar kai kuka.

Yusufu ya ƙi yin mubaya'a. Ya fita daga birni da 'yan'uwansa da manyan bayin sarki da suka yi wa mahaifinsa aiki, suka nufi kudu maso gabas suka kafa sansani a Takai. Aliyu yana cikinsu, yana kuma cikin na kusa da yayan nasa. Ƙasar Kano ta rabu biyu, Yusufawa da Tukurawa, jikokin Dabo a kowane ɓangare, alƙibla ɗaya, wuridi ɗaya. Harin farko da Yusufawa suka kai wa birni bai yi nasara ba, Tukur ya kashe waɗanda aka kama, abin da ya ƙara nisanta shi da zukatan mutane. Talakawan karkara su suka fi ɗanɗana kuɗarsu, gama kowane gari sai ya zaɓi ɓangare, wanda kuma aka ci da yaƙi ana kama mutanensa bayi alhali Musulmi ne.

Ana cikin haka Yusufu ya rasu a Garko a 1894. Jama'arsa suka miƙa ragama ga Aliyu, saboda iliminsa da kwarjininsa, da kuma lissafin cewa jinin gidan Shehu da ke jikinsa zai sauƙaƙa sulhu da Sakkwato. Cikin wannan shekara ya shiga Kano, Tukur ya fice zuwa Kamri ta wajen iyakar Katsina, aka kashe shi a Tafashiya a 1895. Daga baya Sakkwato ta amince da sarautar Aliyu.

Shekarun mulkinsa ba su zama na hutu ba, ya sha gwabzawa da Damagaram. A farkon 1903, yana kan hanyar dawowa daga gaisuwar sabon Sarkin Musulmi Attahiru, sojojin Ingila suka taso daga Zariya, suka fasa Bebeji da ke maƙwabtaka da wannan yanki namu na Madobi, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Wazirinsa Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, ɗan'uwansa Abbas ya hau gadon sarauta. Shi kuwa aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lokoja, inda ya zauna fiye da shekara ashirin nesa da Dala, har Allah Ya karɓi ransa a 1926. A can kabarinsa yake. Allah Ya gafarta masa, da Yusufu da Tukur da dukkan waɗanda suka kwanta a wannan yaƙi, amin.