Malam Aminu Kano da Ranar da Ya Ajiye Alli

Mu da aka tura gwajin koyarwa a ƙasar Kura da Bunkure mun ga yadda manoma su ke dashen shinkafa da ruwan da ke zuwa daga Tiga. Ran da aka tumɓuke iri aka dasa ya kan yi yaushi kamar ba zai yi rai ba, amma in an bar shi cunkushe inda aka yafa shi, ba ya yin albarka. Wannan ya tuna mana da wani malamin makaranta irinmu wanda ya tumɓuke kansa da kansa, watau Malam Aminu Kano.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a majalisar alƙali. Ya yi karatun allo a gida, ya yi Midil ta Kano, sa'an nan ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937. Da ya fita a 1942 aka kai shi Midil ta Bauchi, inda ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 aka aike shi Ingila ƙaro ilmin koyarwa, bayan ya komo kuma aka ba shi aikin horon malamai a Maru, cikin lardin Sakkwato.

To, jama'a, ku dubi matsayinsa a wannan lokaci. Ga albashi kowane ƙarshen wata, ga girma, ga fansho yana jiransa, alhali waɗanda suka taka Ingila cikin 'yan Arewa ba su da yawa. Da ya kame bakinsa, da babban muƙami ya zo ya same shi har gida. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don yana ganin yadda a ke matsa wa talakawa da haraji da jangali da aikin tilas, shi kuwa ma'aikacin Gwamnati ba shi da ikon faɗin duk abin da ya gani.

Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda a ke kira Jam'iyyar Neman Sawaba. A watan Nuwamba na wannan shekara Malam Aminu ya ajiye aiki, yana ɗan shekara 30. Bai sulale a ɓoye ba, ya rubuta dalilinsa a jarida kowa ya karanta. Ga mai duban zahiri, ya saki reshe ya kama ganye. Abin da ya fi rashin albashi zafi kuwa, hukumar En'e da zai yi ja da ita, a cikinta mahaifinsa ya yi aiki.

Yaushin dashe ya daɗe. Ya zama shugaban jam'iyyar a 1953, ya tsaya zaɓe a 1954 ya faɗi, mabiyansa kuma suka sha ɗauri da bulala. Sai a 1959 ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta Ikko, shekara 9 bayan barinsa Maru. Daga baya ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya a zamanin Janar Gowon. A 1979 gwamnatin jam'iyyarsa ta PRP ta soke haraji da jangali a jihar Kano, talakan Kura da na Bunkure suka huta. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, bai bar dukiya ba sai ɗan gidansa na Gwammaja.

Ba muna cewa kowa ya jefar da alli ba ne, don ƙasa tana bukatar malamai. Abin lura shi ne, bai tashi cikin fushin yini ɗaya ba. Shekara 8 ya yi yana koyarwa yana auna al'amarin, ya san abin da zai rasa, ya faɗi dalilinsa a fili, sa'an nan ya jure abin da ya biyo baya. Manomi ma ba ya dasa irin da bai yi saiwa ba. Wata rana a cikinmu wani zai zaɓa tsakanin abin da ya saba da abin da ya san shi ne daidai, ko a kan aiki, ko aure, ko barin garinsu. Allah ya ba mu ƙarfin zuciya a ranar, shi kuwa Allah ya jiƙansa, amin.