James Burke: Kurman da Ya Zama Zakaran Damben Ingila

A shekarar 1809 ne makarantar farko da aka kafa a Ingila domin koyar da 'ya'yan talakawa kurame kyauta ta ƙaura zuwa titin Old Kent Road, a kudancin birnin Landan. A ƙarshen wannan shekara kuma, ran 8 ga watan Disamba, aka haifi James Burke a birnin, wanda ya tashi da larurar rashin ji, har laƙabin Kurma ya bi shi iyakar rayuwarsa.

Burke ɗan talakawa ne. Ya fara neman abinci a bakin kogin Tems wajen masu fito, kafin ya shiga dambe a 1828. A zamanin, da hannu tsirara ake dambe, babu safa. Turmi ba ya ƙarewa sai an kai mutum ƙasa, sa'an nan a ba shi daƙiƙa 30 ya miƙe. Ba a ƙayyade yawan turmi ba, sai wanda ya gaza.

Ran 30 ga watan Mayun 1833 ne ya kara da Simon Byrne, zakaran ƙasar Ailan, a wani fili kusa da garin St Albans. Sai da suka yi turmi 99, cikin fiye da sa'o'i 3, kafin Burke ya yi galaba. Har yau ana lasafta wannan karawa cikin mafiya tsawo da aka taɓa yi domin neman kambun dambe. Amma murna ta koma ciki, domin bayan kwana 3 Byrne ya rasu sakamakon dukan da ya sha. An gurfanar da Burke gaban shari'a bisa zargin kisa ba da gangan ba, kotu kuma ta wanke shi a watan Yuli.

Duk da haka, tabon bai gushe ba. Ya ɗauki kansa zakaran Ingila, amma Jem Ward, wanda ya riƙe kambun kafinsa, ya ƙi karawa da shi, abokan karo kuma suka yi wuya. Wannan ya sa ya ƙetara zuwa Amurka. A 1837, kusa da New Orleans, karawarsa da Sam O'Rourke ta rikiɗe ta zama tarzoma, dole ya gudu domin ya tsira da ransa.

Da ya komo gida, ya gamu da William Thompson, wanda aka fi sani da Bendigo, a watan Fabrairun 1839. An kore shi a turmi na 10 saboda kai karo da ka, kambun ya suɓuce. Ya yi damben ƙarshe a 1843. Tarin fuka ya kashe shi cikin talauci a unguwar Waterloo ran 8 ga watan Janairun 1845, yana da shekara 35.

Mutuwar 'yan dambe irin su Byrne na cikin dalilan da suka sa aka gyara dokokin wasan a 1838. Titin Old Kent Road kuwa daga baya ya shahara da dambe, inda Henry Cooper ya riƙa atisaye a benen mashayar Thomas à Becket.

Shekara 79 bayan rasuwar Burke aka yi gasar kurame ta duniya ta farko a birnin Paris, a 1924. A 1992 aka sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen damben duniya da ke Amurka.