Likita Rivers, Mai Jinyar Sojan Da Yaƙi Ya Gigita

An haifi William Rivers a Ingila ran 12 ga watan Maris, 1864. Tun yana yaro yana da i'ina, ba ta kuwa sake shi sarai ba har ƙarshen ransa. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew na Landan, ya ƙare yana ɗan shekara 22. Cikin 1893 aka kira shi Jami'ar Kambirij, inda ya koyar da ilmin halin ɗan Adam.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, sai aka riƙa komo da soja daga Faransa ba ko ƙwarzane a jikinsu, amma wani ya bebance, wani yana ta makyarkyata, wani mugun mafarki ya hana shi barci. Manyan soja da dama suka ce ragwanci ne. Waɗansu likitoci suka shiga jona musu lantarki, waɗansu suka ce su kawar da zancen yaƙi daga ransu, su manta.

Rivers bai yarda da wannan ba. Cikin 1916 aka kai shi asibitin hafsoshi na Craiglockhart, kusa da Edinbara, nan ya gane danne abin a zuci shi ke sa ya taso da dare ya fi da muni. Sai ya zauna da mutum, ya saurara, har mutumin ya iya faɗin abin da ya gani. Akwai wani hafsa da ya tsinci gawar abokinsa, harsashin igwa ya daddatsa ta. Rivers ya nuna masa halin gawar shaida ce abokin ya cika nan take, bai sha azaba ba. Hafsan ya sami abin riƙewa, mafarkin ya yi sauƙi. A ganinmu, mu da ke horon malamai, haƙurin sauraron nan ya fi kowace dabara tasa wuyar koyo.

Cikin Disamba 1917 ya bayyana wa taron likitoci a Landan wannan hanya. Almajiransa ma sun yi suna: Charles Myers ya zama mai ba sojan Ingila da ke Faransa shawara kan wannan cuta, Frederic Bartlett kuwa ya zama shaihun malami a Kambirij cikin 1931.

Rivers bai yi aure ba. Ciwon hanji ya kama shi farat ɗaya, ya rasu a Kambirij ran 4 ga watan Yuni, 1922, yana da shekara 58.