Janar Murtala Ramat Muhammad, Yayanmu a Barewa

Bana na cika shekara 37, sai na tuna cewa shekarun yayanmu marigayi Janar Murtala ke nan ranar da aka kashe shi. Ni kuwa har yau ƙarin girma nake jira a ofis!

An haife shi a Kano a 1938. Bayan ya bar makarantar nan tamu ya shiga soja a 1958, aka tura shi horo Sandhurst ta Ingila, ya zama hafsan sadarwa, ya kuma je kiyaye zaman lafiya a Kongo. A yaƙin basasa shi ya ja Runduna ta Biyu, ya ƙwato Benin a 1967. Amma malamaina, ku kuka hore mu da faɗin gaskiya: nacewarsa a kan ƙetare Kogin Kwara zuwa Onica ta ci rayukan sojoji da dama, kuma dakarun rundunarsa ne suka kashe fararen hula a Asaba.

Ya hau mulki a Yulin 1975. Cikin wata shida da 'yan kwanaki ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya tsai da shawarar gina Abuja. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne korar ma'aikata fiye da 10,000. Mutane sun koyi sammakon ofis, amma mahaifina, wanda akawu ne a lokacin, ya sha gaya mini cewa tun daga nan ma'aikaci ya daina sakankancewa kujerarsa za ta kai shi fansho, ya fara neman na gefe.

Ranar 13 ga Fabrairun 1976 mutanen Dimka suka bindige shi cikin cunkoson motoci a Ikko, yana tafe ofis ba jerin gwanon masu tsaro. A Kano aka rufe shi. Allah ya jiƙansa.