Sultan Khan, ɗan ƙauyen da ya kada gwanayen darar Nasara

Ƴan uwa, mu nan Sabon Maci mun san dara. Da an gama girbin hatsi sai a haƙa gurabe cikin rairayi, a zauna har la'asar. Nasara ma suna da tasu, wadda ake ce ma eshek da Faransanci: gida 64, kowa da ƴaƴa 16, wanda ya tsare sarkin abokin wasanshi shi ya ci. Yau labarin wani gwaninta munka kawo muku.

An haifi Sultan Khan cikin 1903 a Mita Tiwana, ƙasar Panjab, wadda yanzu take cikin Pakistan. Musulmi ne, kuma wajen ubanshi ya koyi wasan tun yana yaro, amma bisa ƙa'idar Indiya, inda dakare ba ya tsallake gida biyu a fitarshi ta farko kamar yadda ake yi a Turai. Wani babban mai ƙasa, Umar Hayat Khan, ya ɗauke shi, anka koya mishi ƙa'idar Nasara. Cikin 1928 ya ci gasar Indiya duka, cikin 1929 maigidan ya tafi da shi Landan.

Abin mamaki daga nan ya soma. Gwanayen Turai sun haddace littattafai kan yadda ake buɗe wasa, shi kuwa bai bi ta wannan hanya ba. Sau da yawa farkon wasa sai ya shiga matsi, amma da anka kai tsakiya sai ya dinga kwance ƙullin sannu sannu, har abokin wasa ya rasa mafita. Ga sanyin Ingila yana damunshi, mura da masassara ba su rabuwa da shi. Duk da haka ya zama zakaran Ingila sau 3: 1929, 1932 da 1933. A gasar Hestins ta ƙarshen 1930 ya kada Kapablanka, mutumin Kuba da ya riƙe sarautar duniya daga 1921 zuwa 1927. Cikin 1931 ya yi wasa 12 da Tartakowa, ya ci 4, anka ci shi 3, saura kunnen doki. Sau 3 Ingila ta sa shi gaban ƴan wasanta a gasar ƙasashe.

Littattafan Turai da yawa bara sunka kira shi, wanda bai san karatu ba. Jikokinshi sun ƙaryata wannan, sun ce ɗan gidan malamai ne masu gonaki, kuma mu mun fi karkata ga maganar masu gida.

Ƙarshen 1933 maigidan ya koma Indiya, shi ma ya bi shi, ya kama noma. Babban ɗanshi ya ba da labarin cewa bai yarda ya koya ma ɗiyanshi wasan ba. Tarin fuka ya kashe shi cikin 1966 a Sargoda. Ƙungiyar wasan ta duniya, FIDE, ta soma raba laƙabin babban gwani tun 1950, ta tsallake shi. Sai cikin 2024 ta ba shi, shekara 58 bayan rasuwarshi.